Masu Hawa Falwaya: Waiwaye Daga Wayar Tangarahu Zuwa Faiba a Apo

A farkon watan Janairun 2025, kamfanin raba wutar lantarki na Abuja, wato AEDC, ya sanar da mazauna unguwanni da dama cewa za su yi kusan mako biyu wuta tana zuwa musu a gutsure. Babban titin da ake faɗaɗawa ta kudancin birni ne ya ci karo da dogayen turakun ƙarfe masu ɗauke da layin Kukwaba zuwa Apo, da kuma layin da ke kai wuta yankin filin jirgin sama, don haka ya zama dole a kwance su a matsar da su gefe. Masu shaguna suka shiga lissafin kuɗin man janareta, masu sayar da ƙanƙara suka yi ta ƙorafi. Waɗanda ba a cika ambata ba su ne mutanen da suka hau ƙarafan nan cikin hazon hunturu, suka sauke wayoyi masu nauyi, suka sake ɗaure su a sabon wuri.

Sana'ar waɗannan mutane ta haura shekara ɗari a ƙasar nan, kuma an sha yi mata kallon wadda kwananta ya ƙare. Da wayar salula ta zo, aka ce masu jan waya sun gama yawo. Da aka sayar da kamfanonin wuta, aka ce sai dai su nemi wata hanyar abinci. Amma wanda ya bi tarihin a tsanake zai ga aikin bai taɓa ƙarewa ba. Abu biyu ne suka yi ta sauyawa: irin wayar da ake ja, da wanda ke biyan mai jan ta. Na biyun ne ya fi shafar matashin da ke tunanin shiga sana'ar a yau.

Waya ta riga wuta zuwa

A 1886 wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan. Da Turawa suka nufo Arewa, waya ta biyo sawun sojojinsu: Jebba, Lokoja, sai Zungeru inda Lugga ya kafa hedikwata a 1902, daga nan ta miƙe zuwa Zariya da Kano. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, turakun waya suka jeru a gefen dogo. Masu jan waya na farko a Arewa leburori ne da ke sare daji, su haƙa rami, su kafa turke, su bi layi a ƙafa suna neman inda iska ko gobarar daji ta yi ɓarna. Ma'aikatar gidan waya, wadda daga baya aka fi sani da P&T, ita ce uwar ɗakinsu.

Wutar lantarki ta zo a hankali. An kafa injinan farko a Legas a 1896. A Filato, kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra a 1929, saboda masu haƙar kuza. A Kano da Katsina kuwa En'e ce ta riƙe harkar wuta na tsawon lokaci, kafin dokar 1950 ta kafa hukumar lantarki ta ECN ta tattara kusan komai a hannu ɗaya. A lokacin kowane gari da injinsa, layi ba ya wuce bayan gari da nisa.

Madatsar Kainji ce ta sauya fasalin aikin. An kafa hukumar madatsun Neja a 1962, aka kammala Kainji a 1968, sai aka fara shimfiɗa manyan layuka masu ƙarfin volt 330,000 zuwa Kaduna da Kano, da kuma Osogbo da Legas. Mai hawa falwayar katako a cikin gari ya samu ƙane: mai hawa hasumiyar ƙarfe a tsakiyar daji, wanda ke yin makonni bai kwana a gida ba. A 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun, aka haifi NEPA.

A ɓangaren tarho abin bai yi sauri ba. Ranar da Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, layukan tarho a ƙasar duka ba su kai 19,000 ba. A 1985 aka haɗa sashen sadarwa na P&T da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka kafa NITEL.

Lokacin da aikin yake na gwamnati

Duk wanda ya girma a shekarun 1970 da 1980 ya san darajar ma'aikacin NEPA ko na NITEL a unguwa. Yaro ya gama makarantar koyon sana'a ko kwalejin fasaha, a ɗauke shi, a tura shi horo. NEPA tana da makarantunta a wurare irin su Kainji, Kaduna, Ijora da Afam. P&T tana da babbar makaranta a Oshodi, NITEL kuma tana da wata a Kano. Mutum ya fara da riƙe tsani, ya zama mai hawa, ya zama shugaban ayari, wata rana ya zama sufeto. Akwai albashin wata, akwai asibiti, wasu har da gidan kwatas, a ƙarshe ga giratuti da fansho. Iyaye suna ba irin wannan saurayi 'ya ba tare da dogon bincike ba.

Ba a ce zamanin ba shi da aibu ba. Mutum yakan yi shekaru yana jiran a ja masa layin tarho, idan ruwan sama ya shiga ramin waya unguwa guda sai ta yi shiru, kuma na-goro ya zama al'ada kafin a zo gyara. NEPA kuwa har sunanta ya zama abin ba'a a bakin yara. Duk da haka akwai abu guda da tsarin ya riƙe da kyau: hukumar da ta mallaki waya ita ce ke horar da mai hawa, ita ke biyansa, kuma ita ke ɗaukar nauyinsa in ya faɗo.

Birnin da aka binne wayarsa

A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta samar da sabon babban birnin tarayya. Taswirar ginin birnin ta fito a 1979, gwamnati kuma ta tare a hukumance ranar 12 ga Disamban 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Shekara guda kafin nan, a 1990, tashar Shiroro mai megawat 600 ta fara aiki, ta zama babbar madogarar wutar sabon birnin.

Masu tsara Abuja ba su so a ga wayoyi suna reto a sama ba. A tsakiyar birni da Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, an binne yawancin wayoyin wuta da na tarho a ƙarƙashin ƙasa. Wannan ya ɗaga darajar wani rukuni na ma'aikata da ba a cika jin labarinsu a tsofaffin garuruwa ba, wato masu haɗin kebul: waɗanda ke shiga rami su fere kebul mai kauri, su haɗa bakinsa da wani, su rufe ta yadda danshi ba zai shiga ba ko bayan shekara ashirin.

Unguwar Apo ta faɗo a kan iyakar duniyoyin nan biyu. A nan aka kafa tashar da ke karɓar wuta mai volt 132,000 ta sauke ta zuwa 33,000, ta rarraba wa sassan Garki da Asokoro da Gudu da hanyar filin jirgin sama, wani layin kuma ya wuce Karu da Keffi har Akwanga. Mahaɗar da ke kusa da ita har gobe direbobi da kwandastoci NEPA suke kiranta. A nan ne aka gina rukunin gidajen 'yan majalisar tarayya, waɗanda aka sayar a zamanin Obasanjo. A nan ne kuma aka keɓe wurin sake tsugunar da Gbagyin Garki, ga kasuwar makanikai da masu kayan gyaran mota da ta cika ta batse. Daga nan birni ya ci gaba da tumbatsa ta Apo Dutse da Wumba da Lokogoma, ya nufi Kabusa da Wasa, da saurin da ya fi ƙarfin taswira. A waɗannan sababbin unguwanni ba a jira an binne komai ba. Turakun siminti aka kafa, aka ja waya a sama kamar a kowane gari, sau da yawa ma mazauna ne ke yin karo-karo su sayi taransifoma da turaku.

Abin da ke sama da tsani

Yana da kyau a dubi aikin da kyau kafin a yi maganar makomarsa. A ce iskar farkon damina ta karya reshe ya faɗa kan layin volt 11,000, waya ta tsinke. Shugaban ayari ba zai bar kowa ya jingina tsani ba sai ya yi magana da mai kula da tasha, an kashe layin, an buɗe makatsin da ido ke iya gani, an ba shi takardar izinin aiki. Bayan haka a gwada wayar da sanda a tabbatar babu wuta, sannan a maƙala mata wayar da ke sauke wuta ƙasa, gaba da bayan wurin aikin. Sai mai hawa ya sa hular kwano da safar hannu ta roba, ya ɗaura bel a ƙugu ya zagaya shi da turke, ya hau. Na ƙasa suna miƙa masa filaya da sifana da igiya, suna jan wayar da na'urar ɗamewa har ta miƙe daidai, kada ta yi sako-sako ta taɓa 'yar'uwarta, kada kuma ta ɗame ta tsinke in sanyi ya zo.

Matakin sauke wuta ƙasa shi ne wanda gaggawa ke sa a tsallake, kuma shi ne ke raba mai komawa gida da wanda za a kai asibiti. A wuri irin Apo, inda kusan kowane gareji da shagon walda ke da janareta, ya isa a samu mutum ɗaya da ya haɗa nasa da wayar gida ba tare da makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi ba. Wutarsa za ta koma baya ta shiga taransifoma, taransifoma ta ɗaga ƙarfinta, ta hau layin da kowa ya yi imani a kashe yake. Yanzu da batura da farantan sola suka yawaita a gidaje, hanyoyin da wuta ke iya komowa sun ƙaru. Shi ya sa tsofaffin ma'aikata ke gaya wa yara cewa duk wayar da ba ka sauke ta ƙasa da hannunka ba, ɗauke ta mai rai ce.

Shekarar da tagulla ta faɗi

A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003. A lokacin layukan tarho na gida da ke aiki a ƙasar ba su wuce kimanin 400,000 ba. Cikin 'yan shekaru lambobin da ke farawa da 09 na Abuja da 064 na Kano suka zama tarihi a yawancin gidaje. Yau layukan salula masu aiki sun haura miliyan 150.

NITEL ta yi doguwar jinya. An yi yunƙurin sayar da ita a 2001 bai yiwu ba, aka ba kamfanin Pentascope riƙonta a 2003, aka sayar wa kamfanin Transcorp a 2006, gwamnati ta karɓe a 2009, daga ƙarshe a 2015 aka miƙa kadarorinta ga NATCOM a kan dala miliyan 252. Dubban ma'aikata suka watse, da yawa suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu. Wayoyin tagulla da aka binne a Abuja da sauran birane kuwa, ɓarayi suka yi ta zare su suna kai wa masu awo.

A nan ne aka yi zaton sana'ar ta mutu. Sai ga shi wayar da ake kira marar waya ta fi kowace buƙatar waya. Kowane ƙarfen sabis yana son mai hawa da zai ɗaura eriya ya saita ta, yana son janareta da batura, kuma yana son hanyar da za ta kai kiran da ya karɓa zuwa cibiya. Da farko faifan da ke aika saƙo daga ƙarfe zuwa ƙarfe ya wadatar. Da intanet ta shigo aljihun kowa, musamman bayan wayoyin teku na MainOne da Glo-1 da suka sauka Legas sun fara aiki a 2010, sai aka koma haƙa rami. Wannan karon faiba ake binnewa, zaren gilashi mai ɗaukar haske.

Amma wanda ke biya ya sauya. Tun wajen 2014 manyan kamfanonin salula suka sayar da dubban ƙarafansu ga kamfanoni irin su IHS da ATC, suka koma haya. Su kuma waɗannan suna ba 'yan kwangila kula da wuraren, 'yan kwangila su ba ƙananan 'yan kwangila. Mai hawa ƙarfen da ke ɗauke da eriyar babban kamfani sau da yawa bai taɓa taka ofishin kamfanin ba.

Ranar da aka miƙa makullai

Wuta ta bi irin wannan hanya, sai dai a makare. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ta rushe NEPA, ta kafa PHCN a matsayin riƙon ƙwarya, aka raba ta gida 18: kamfanonin samar da wuta 6, na rarrabawa 11, da TCN mai kula da manyan layuka, wanda ya zauna a hannun gwamnati. Ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin ga 'yan kasuwa. AEDC ya gaji Abuja da jihohin Neja, Kogi da Nasarawa. Ma'aikatan PHCN sama da 40,000 aka sallama da kuɗin sallama, sababbin masu kamfanoni suka sake ɗaukar waɗanda suke so, bayan 'yan watanni kuma aka rage da yawa.

A Apo wannan rabuwa a fili take. Wanda ke cikin shingen tashar ma'aikacin TCN ne, wanda ke kan turken da ke wajen shingen na AEDC ne ko na ɗan kwangilarsa, alhali a da ofis ɗaya ke biyansu. Ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta NUEE ta daɗe tana kuka da yawaitar ma'aikatan wucin gadi a fannin. A Disamban 2021 yajin aikin ma'aikatan AEDC kan haƙƙoƙinsu ya jefa Abuja cikin duhu, aka sauya shugabannin kamfanin, a 2023 kuma wata gamayya da Transcorp ke jagoranta ta karɓi kashi 60 na hannun jarinsa.

Babbar asarar da ba a lissafa ba ita ce ta horo. Waɗanda NEPA ta horar suna ta tsufa suna ritaya, ɗan kwangila kuwa ba ya son kashe kuɗi a kan yaron da gobe zai koma wurin wani. Gwamnati ta kafa cibiyar NAPTIN a 2009 ta gaji tsofaffin makarantun NEPA, tana koyar da aikin layi da haɗin kebul da sauransu, hukumar NEMSA kuma, wadda dokar 2015 ta tabbatar, ita ke duba ingancin aiki da ba masu haɗa wuta takardar shaida. NCC ma ta kafa cibiyar DBI a 2004, wadda ke da hedikwata a Abuja, ta kuma gaji makarantun NITEL na Oshodi da Kano. Makarantun suna nan, sai dai a da hukuma ke tura mutum tana biyansa albashi, yanzu galibi shi zai nemi kuɗin da zai kai kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: unguwanni suka cika da waɗanda ake wa laƙabi da NEPA 2, masu tsani da filaya ba horo, waɗanda ke mayar da layin da aka yanke cikin dare. Wasunsu a kan turken ajali ke samunsu.

Ɓarawo da katafila

Wani abin takaici shi ne, kaso mai yawa na aikin da ake samu yau gyaran ɓarna ne. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda ba wuta, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Makurdi shi ma ya samu matsala. TCN ta ce rashin tsaro ne ya hana ma'aikatanta shiga dajin da ɓarnar take sai da rakiyar jami'an tsaro. A Janairun 2025 ɓarayi suka haƙe kebul mai volt 132,000 a kusa da filin shaƙatawa na Millennium, a tsakiyar Abuja, manyan unguwanni suka rasa wuta. A watan ne hukumar birnin ta haramta yawon jari-bola, ta dakatar da kasuwannin panteka na ɗan lokaci.

Faiba ba ta da tagullar da za a sayar, amma tana da nata maƙiyin, wato katafila. Hukumomi sun ce an yanke faiba fiye da sau 50,000 a 2024, kuma fiye da rabi masu aikin hanya ne suka yi. A yankin da ake ta fasa tituna kamar Apo zuwa Wasa da Apo zuwa Karshi, wannan ba baƙon abu ba ne. A shekarar ce Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne.

Idan aka yanke faiba, ana fara haska ta da na'ura daga cibiya, na'urar ta faɗi nisan inda hasken ya tsaya. Ayari ya bi hanya, sau da yawa da tsakar dare, leburori su tone, a zaro bakunan biyu. Mai haɗi ya zauna a bayan mota ko ƙarƙashin laima da fitila a goshi. Kebul ɗaya yana iya ƙunsar zare 48 ko 96, kowanne siriri kamar gashin kai, kowanne da launinsa. Ya fere zare, ya goge shi da sinadari, ya datse bakinsa daidai, ya kwantar da shi a injin haɗi. Injin ya saita bakunan biyu, ya narka su da tartsatsi, ya nuna a allo ko haɗin ya yi kyau. Ƙura ɗaya ta isa ta ɓata shi a sake. Haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya, shuɗi da shuɗi, kore da kore, manajoji suna ta kiran waya saboda bankuna da masu POS sun tsaya cik.

Ina aka dosa

Ta fuskar yawan aiki, alamu duk sun nuna gaba. Bankin Duniya ya ƙiyasta 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki, wadda ake rabawa a babban layin ƙasa kuma ta daɗe tana kai-kawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Kusan rabin masu amfani da wuta ba su da mita. A Apo kanta, ɗaya daga cikin taransifomomin farko na yarjejeniyar da aka ƙulla da Siemens a 2019 a tashar nan aka kafa ta, ga kuma aikin ƙarfafa wutar Abuja da rancen hukumar raya ƙasashe ta Faransa, wanda ya ƙunshi sabuwar babbar tasha a yankin Apo da layin volt 330,000 daga Lafiya. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Ƙananan tashoshin sola na kasuwanni da ƙauyuka su ma ba sa aiki sai da turke da waya da mita. Ko a ƙetare, layukan da ke kai wuta Yamai daga Birnin Kebbi, da Maraɗi daga Katsina, suna buƙatar masu kula, ga sabon babban layin da zai haɗa Najeriya da Nijar da Benin da Burkina Faso.

A sadarwa, gwamnati ta amince a 2024 da shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000. Fasahar 5G, wadda ta fara aiki a Abuja a 2022, tana son ƙarafa kusa da juna, kowanne da faibarsa. Rukunin gidaje a Lokogoma da Gudu da Apo suna ta karɓar faiba har cikin falo. Kamfanin intanet na Starlink, da ya shigo a 2023, zai ɗauke wasu masu saye, musamman a wurare masu nisa, amma bai kama hanyar maye gurbin ramin da ke ƙarƙashin birni ba.

Sai dai yawan aiki daban, kyawun aiki daban. Sana'ar yanzu hawa-hawa ce. A ƙasa akwai mai diga da shebur, wanda ake biya gwargwadon tsawon ramin da ya haƙa, kuma duk wanda ya bi titunan Apo ya san da wane harshe yawancin masu wannan aiki ke hira. A tsakiya akwai mai hawa turke da mai hawa ƙarfen sabis, masu ɗaukar kasada mafi girma, waɗanda da yawansu ba su da takardar ɗaukar aiki ta dindindin. A sama akwai mai haɗin kebul, mai haɗin faiba da mai gwajin na'urorin kariya a tasha, waɗanda ake nema ruwa a jallo domin ba su da yawa. Tazarar da ke tsakanin mai haƙa ramin da mai zama a bakinsa da injin haɗi ba digiri ba ce. Karatu da rubutu ne daidai gwargwado, da horon watanni, da takardar shaida, da wanda zai riƙe hannun mutum a farko.

A nan ne jihohin Arewa da masu hannu da shuni ke da abin yi. Kuɗin da ake kashewa wajen raba babura da kekunan ɗinki a taron siyasa zai iya kai ɗaruruwan matasa NAPTIN a Kaduna ko Kainji, ko DBI a Kano, su fito da sana'ar da ake nema daga Abuja har Yamai. Kwalejojin fasaha da ke koyar da haɗa wutar gida kawai suna iya ƙara aikin layi da na faiba.

Shi kuma matashin da zai shiga, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya taka tsani. Wa ya ɗauke ni, kuma a rubuce? Wa zai ba ni bel da safar hannu da hular kwano? An yi mini rajista da asusun NSITF, wanda dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa alhakin biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki? Ma'aikacin NEPA na 1980 bai buƙaci ya yi waɗannan tambayoyi ba, domin amsarsu tana cikin takardar ɗaukarsa aiki. Na yau dole ya yi su da bakinsa, hukumar kula da lantarki ta NERC da hukumar NCC kuma su tilasta wa kamfanonin da suke ba lasisi su amsa su, har a kan yaran 'yan kwangilarsu.